RUFE LITTAFIN, KA TAMBAYI KANKA

Karatu: Yakubu 1:22-25, Fitowa 16:13-30

Ga bazara ta kama. Manoma suna sharar gona, suna kai taki, suna duban gabas ko hadari zai taso. Amma a gidajen masu bi da yawa akwai wata rana da ake jira da faɗuwar gaba fiye da ranar shuka, ita ce ranar jarrabawa. Waɗansu 'ya'yanmu za su rubuta ta JAMB domin neman shiga jami'a. Waɗansu za su rubuta ta WAEC, wadda akan yi a watannin Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo bayanta. Iyaye sun riga sun biya kuɗin rajista. Wani akuyarsa ya sayar, wani buhun masarar da ya ajiye domin damina, wata gwauruwa kuwa adashinta ta kwashe duka. Maganar nan fa ba ƙarama ba ce, ba kuma ta yara kaɗai ba ce.

Kowa ya san abin da ake nema. Ana neman kiredit a darussa biyar, Turanci yana ciki, ga yawancin fannoni kuma har da Lissafi. Sakamakon WAEC yakan fara daga A1 ya sauka har F9, C6 kuwa shi ne mataki na ƙarshe da ake lissafawa kiredit. Yaro ya iya samun A1 a darussa shida, amma in Lissafi ya ba shi D7, sau da yawa sai ƙofa ta rufe a gabansa har shekara guda, uban kuma ya sake neman wata akuya.

Maganar rago mai sauƙi ce. Littafin Karin Magana ya riga ya aike shi wurin tururuwa ya koyo hankali, yau ba da shi muke ba. Wanda yake ba mu tausayi shi ne yaron da ya yi karatu da gaske. Ya bar ƙwallo, ya bar hira, kowane dare yana sunkuye a kan littafi har batirin fitila ya mutu. Ya bi littafin Kimiyyar Halittu daga bango zuwa bango sau uku, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi da jan biro har shafi ya yi ja wur. Ranar jarrabawa ya ga tambaya, ya gane ta sarai. Har ya tuna amsarta tana shafin hagu, ƙarƙashin zanen zuciya. Amma mene ne aka rubuta a wurin? Shiru. Ya ciji biro, ya dubi rufin ɗaki, lokaci ya ƙare. Da sakamako ya fito, uwarsa ta zo gidan fasto da kuka, ta ce an yi wa ɗanta sammu, maƙiya sun ɗaure masa kai.

Ya 'yar'uwa, share hawayenki. Ba mu ce babu mugunta a duniya ba. Amma cikin irin wannan al'amari, sau da yawa ba wanda ya ɗaure kan yaron. Ciwonsa yana da suna, manzo Yakubu kuwa ya faɗi sunan tun da daɗewa.

Mutumin da ya dubi madubi

Yakubu ya ba da misalin mutumin da ya tsaya ya dubi fuskarsa a madubi, da ya tafi sai kamanninsa suka ɓace masa nan da nan. Manzon yana magana ne a kan Maganar Allah, a kan mai ji wanda ba ya aikatawa, ba mu kuwa so mu murɗe Nassi mu mai da shi littafin makaranta. Duk da haka zuciyar da take jin wa'azi ran Lahadi ita ce take zama a aji ran Litinin, halinta ɗaya ne. Ku lura da sunan da ya ba wannan hali. Bai ce daƙiƙanci ba ne, ya ce ruɗin kai ne. Gama muddin mutumin yana tsaye gaban madubi, ba abin da ya ɓace masa. Ga hanci, ga ido, ga tsagar gado. In ka tambaye shi ko ya san fuskarsa, sai ya yi maka dariya. Ba zai gane cewa bai riƙe kome ba sai ya juya baya.

Ya kai ɗan makaranta, da ke 'yar makaranta, buɗaɗɗen littafi madubi ne. Sa'ad da kake karanta shafi karo na uku, kalmomin suna tafiya sumul, zuciyarka tana cewa, "Ai na san wannan, na san wancan." Ba ƙarya take nufin yi maka ba. Ta gane shafin ne, kamar yadda kakan gane wani mutum a kasuwa, ka san ka taɓa ganinsa, amma sunansa ya ƙi zuwa bakinka. To, jarrabawa ba ta tambaya ko ka taɓa ganin mutumin. Sunansa take so, a rubuce, littafi kuwa yana can gida.

Ga maganin, ba ya kuwa cin ko kwabo. Ka karanta sashi ɗaya, shafi guda ko biyu, a hankali, har ka fahimta. Sa'an nan ka rufe littafin. Ka kife shi, ka ɗora hannu a kai in ya zama dole. Ka ɗauki farar takarda ka rubuta dukan abin da ka iya tunawa, ko ka faɗa da baki kamar kana koya wa wani. In zane ne, ka zana shi da ka, ka sa wa kowane sashi sunansa. Kada ka leƙa. In abu ya ƙi zuwa, ka dakata, ka yi kokawa da shi minti ɗaya ko biyu. Sai ka ƙure iyakar abin da ke kanka tukuna, sa'an nan ka buɗe littafin ka gwada. Abin da ka samu daidai, ka bar shi. Abin da ka tsallake ko ka kuskure, ka sa masa alama, gama shi ne aikinka na gobe.

Za mu faɗa maka gaskiya tun yanzu, hanyar nan ba ta da daɗi. Mai maimaita karatu yakan tashi da farin ciki, ya ce ya cinye shafi arba'in. Mai rufe littafi yakan tashi da nauyin zuciya, gama ya ga da idonsa cewa cikin abu goma huɗu kaɗai ya riƙe. Saboda wannan ne yara da yawa suke gudunta. Ba wuyar aikin suke gudu ba, kunyar ganin kansu suke gudu. Amma wanne ya fi, ka ga raminka a watan Maris a cikin ɗakinka, ko ka gan shi a watan Mayu gaban mai tsaron jarrabawa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Masana sun auna wannan abu. A shekara ta 2006 waɗansu malamai biyu na wata jami'a a birnin St. Louis na Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Ƙungiya ɗaya ta yi zama huɗu tana karanta shi, tana sake karantawa. Wata ƙungiya ta yi zama ɗaya na karatu, sa'an nan aka karɓe takardar, suka yi zama uku suna rubuta abin da suka tuna. Da aka jarraba su bayan minti biyar, masu maimaita karatu suka yi gaba, suka kawo 83 cikin ɗari, masu rufe littafi 71. Amma da aka jarraba bayan mako guda, sai labari ya juya. Masu maimaita karatu suka sauka zuwa 40 cikin ɗari, masu rufe littafi suka riƙe 61. Ga kuma abin da ya fi ba mu mamaki. Da aka tambaye su tun da fari yadda suke tsammani za su tuna, masu maimaita karatu ne suka fi amincewa da kansu. Ashe mutumin Yakubu yana nan har a jami'o'in Amurka.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Maƙwabtanmu masu makarantar allo sun daɗe da sanin wannan. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya dube shi sau da yawa, sai ya biya karatun a gaban malaminsa tukuna. Mu ma a makarantar Lahadi, wane malami ne zai yarda yaro ya ce ya haddace aya alhali yana leƙen takarda? Abin da muka sani a coci, mun manta da shi a ƙofar sakandare.

Amma a kula. Ba muna cewa a zama aku ba. Akwai yaron da zai zuba maka ma'anar abu da Turanci tiryan-tiryan, in ka juya tambayar kaɗan sai ya tsaya cik. Ga ma'auni mai kyau. Ka kira ƙanwarka ta firamare, ka bayyana mata da Hausa, ko da harshen gidanku, yadda ganye yake haɗa abinci daga hasken rana da ruwa da iska. In ta gane, ka iya. In ka ga kana komawa ga manyan kalmomin Turanci don ka ɓuya a bayansu, to, da sauran aiki. Ka riƙa tambayar kowane abu, "Don me haka? Da me ya yi kama? Ina bambancinsa da na jiya?"

Lissafi kuwa ba a karanta shi ko kaɗan, yin sa ake yi. Wanda ya zauna yana kallon misalin da malam ya warware, yana gyaɗa kai, daidai yake da mai kallon maƙeri yana tsammani ya iya ƙira. Ka rufe aikin malam da tafin hannu, ka warware da kanka, ka rubuta kowane mataki, gama masu duba takarda sukan ba da maki domin hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Kada kuma ka yi tambaya ashirin iri ɗaya a jere. Ka gauraya su, ɗaya ta kusurwa, ɗaya ta riba da faɗuwa, ɗaya ta aljabara. A jarrabawa ba wanda zai raɗa maka irin tambayar da ke gabanka, gane irinta shi ne rabin aikin.

Tambayoyin shekarun baya suna da amfani ƙwarai, in an yi su da gaskiya. An kafa WAEC tun 1952, JAMB a 1978, NECO a 1999, saboda haka tambayoyi sun taru tuli, ana sayar da su a kowace kasuwa. Amma yawancin littattafan nan suna da amsa a baya, yaro kuwa yakan sa yatsa ɗaya a tambaya, ɗaya a amsa. Wannan madubi ne kuma. Ka ba wani ya riƙe amsoshin, ka ajiye agogo a gabanka. Tun 2015 ana rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron ƙauye wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, lalle a nema masa hanya ya zauna ko sau biyu kafin ranar, kada tsoron na'ura ya cinye masa minti goma na fari. WAEC kuma takan fitar da rahoton manyan masu duba takardu, inda ake nuna kurakuran da ɗalibai suka yi a kowane darasi. Malamai su neme shi su karanta wa yara.

Abincin yini

Yanzu bari mu koma jeji wurin Isra'ilawa. Shekara arba'in Ubangiji ya ciyar da su da manna. Da ya ga dama, da ya zubo musu abincin shekara a dare ɗaya su cika rumbuna. Bai yi haka ba. Kowace safiya sai mutum ya fita ya tattara abin da zai ishe shi a yinin, kafin rana ta yi zafi ta narkar da ita. Waɗanda suka yi wayo suka ajiye ta kwana, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Allah yana koya musu dogara gare shi ne. Amma shi wanda ya tsara manna, shi ne ya yi kan ɗan adam, ya kuwa yi shi a kan wannan tsari, kaɗan yau, kaɗan gobe.

Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga bincikensa a kan mantuwa a 1885. Kansa ya mai da abin gwaji. Ya haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage bayan lokaci. Ya tarar bayan awa ɗaya fiye da rabin wahalarsa ta tafi, bayan kwana ɗaya wajen kashi biyu cikin uku. Abu mai ma'ana ba ya gudu da sauri haka, amma hanyar ɗaya ce, mantuwa takan fi ƙarfi a kwanakin fari. Ya kuma ga wani abu. Jerin da ya maimaita sau 68 a rana ɗaya, maimaitawa 38 da ya raba cikin kwana uku ta kai shi wuri ɗaya da shi. Kusan rabin wahala, amfani ɗaya.

Manomi ba ya bukatar Bajamushe ya gaya masa haka. Wane ne ya taɓa yin noman fari da maimai a yini ɗaya, ya ce ya huta har kaka? Ciyawa takan dawo, shi ya sa ake komawa. Ruwan da ya sauko kamar da bakin ƙwarya yakan bi kwari ya wuce, har ya tafi da taki. Wanda ya sauko a hankali, yau da jibi da gata, shi yake ratsa ƙasa. Haka darasin da ka koya yau. Ka tambayi kanka shi gobe, littafi a rufe. Ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan mako, ka sake bayan wata. Kowace komawa ba za ta ci maka fiye da 'yan mintoci ba. Waɗansu sukan yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, su sa cikin gwangwani uku. Wadda aka kuskure tana gwangwanin kowace rana, wadda aka ci ta matsa zuwa na bayan kwana uku, wadda ta zauna daram ta tafi na mako. Dabara ce mai kyau, ana kuwa iya yin ta a bakin rijiya ana jiran layi.

Ko Musa bai faɗi Shari'a sau ɗaya ya yi shiru ba. Littafi na biyar, wanda dattawanmu suka sani da Kubawar Shari'a, a sabuwar fassara Maimaitawar Shari'a ake ce da shi. A sura ta shida an umarci iyaye su riƙa zancen umarnan da 'ya'yansu a zaune da a tafe, da lokacin kwanciya da na tashi. Ba a ce a tara su dare ɗaya a shekara a ɗura musu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma in kai mai karatun nan saura maka mako shida kaɗai, kada ka ce ai lokaci ya wuce. Ka samo manhajar jarrabawa, ka bi kanun darussa ɗaya ɗaya, ka raba su uku: wanda ka iya, wanda ka iya rabi, da wanda ba ka san kansa ba. Zuciya za ta ja ka zuwa na farko domin yana da daɗi. Ka ƙi. Ka ba darasin da kake tsoro lokacin da kanka ya fi sabo, ga yawancin mutane da asuba ke nan.

Manna tana da wata koyarwa. Ran shida sukan tattara ninki biyu, ran bakwai ba a fita. Hutu ba ɓata lokaci ba ne, umarni ne. Tun 1924 aka gwada a wata jami'a a Amurka, aka ga wanda ya koyi abu ya kwanta ya fi riƙe shi bisa wanda ya koya ya ci gaba da harkokin yini. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka zuba mata. Likitoci sun ce saurayi da budurwa masu shekarun sakandare suna bukatar barcin awa takwas zuwa goma. Wannan al'ada ta tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi, da cin goro, da shan kofi don a kwana ido biyu, asara ce. Ƙwayoyin hana barci kuwa, ko kusa da su kada ka je. Mun binne samari saboda abin da ya soma da sunan karatu.

Addu'a da biro

Wani zai ce, "Fasto, ina bangaskiya cikin wannan duka? Ba addu'a ce gaba da kome ba?" I, ita ce. Ka yi addu'a kafin ka buɗe littafi, ka yi bayan ka rufe. Amma ka dubi Nehemiya. Da maƙiya suka ƙulla shawara su fāɗa wa masu ginin garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana. Garun ya ƙare cikin kwana 52, ba mala'iku ne suka ɗauko duwatsun ba. Ka dubi Daniyel da abokansa uku. Allah ne ya ba su sani da fahimi, Nassi ya faɗa a fili. Amma shekara uku suka yi suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, baƙon harshe kamar yadda Turanci yake a gare ku, kafin sarki Nebukadnezzar ya jarraba su da bakinsa, ya same su sun fi masanan ƙasarsa har sau goma.

Mun ji yara suna riƙe da Yahaya 14:26, suna cewa Ruhu Mai Tsarki zai tuna musu da kome a ɗakin jarrabawa. Ku karanta wurin da kyau. Ubangiji yana yi wa almajiransa alkawari ne a kan maganar da shi kansa ya riga ya faɗa musu, bayan sun bi shi wajen shekara uku suna ji. Ba a tuna wa mutum abin da bai taɓa ji ba. Game da shafa wa biro mai kuwa, da kai yara kwanan addu'a a daren da za su wayi gari su rubuta Lissafi, muna roƙon 'yan'uwanmu masu hidima su sake tunani. Iyaye su kwana suna addu'a in sun so, yaron ya kwanta.

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi, ba kuwa za mu rufe ta ba don tana cikin gidanmu. Ana samun makarantun da mutane suke kira cibiyoyin al'ajibi, inda ake biyan kuɗi na musamman, a rubuta amsa a allo ko a turo ta waya. Ku ji sunan da suka sata! Su wane ne suke biyan kuɗin? Ba yara ba ne, yara ba su da shi. A cikin masu biya akwai waɗanda suke zama a kujerun gaba ran Lahadi, akwai masu ɗaura ɗankwalin zumuntar mata. Sa'an nan in sakamako ya fito, a zo gaban jama'a da baiko, a ce Allah ya yi abin al'ajibi. Ya 'yan'uwa, wa muke ruɗi? Allah yana ƙyamar ma'aunin zalunci, takardar shaida kuwa ma'auni ce, tana gaya wa duniya nauyin abin da ke kan yaro.

Dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa ta tanadi ɗauri ga ɗalibi da malami da mai tsaro, hukumomin jarrabawa kuma sukan riƙe sakamako ko su soke shi. Amma a ce ma ba a kama kowa ba. Yarinyar da aka saya wa kiredit a Kimiyya, ta shiga makarantar jinya da shi, wata rana ita za ta auna allurar da za a yi wa jikanka. Cikin misalin budurwai goma, Matiyu sura 25, marasa azanci sun nemi aron mai da tsakar dare ba su samu ba. Ba rowa ce ta hana ba. Akwai abin da ba ya aruwa.

Kai kuwa yaro mai tsoron Allah, wanda za ka zauna a ɗakin da takardar amsa take yawo daga hannu zuwa hannu, ba za mu yi maka alkawarin ƙarya ba. Mai yiwuwa ne ka fito da C6, na kusa da kai ya fito da A1 na sata. Za su yi maka ba'a, su ce kai ne fasto. Wataƙila ma malami ya ji haushinka. Ekklesiya ta san wannan gwaji ne na gaske, ba ƙaramin abu muke roƙonka ba. Ka gaya wa iyayenka da dattawa tun kafin ranar, domin kada ka tsaya kai kaɗai. In kuwa ka faɗi da gaskiyarka, akwai jarrabawar masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, ekklesiya kuma ta sa hannu a aljihu ta taimaka da kuɗin rajista.

Ga iyaye da dattawa

Uwa ta ce, "Ni ban yi boko ba, da me zan taimaka?" Da abu mai yawa, mama. Ba sai kin iya karatu ba kafin ki ce, "Rufe littafin nan, gaya mini abin da ka koya yau." Ki saurara kina tsinkar zogale. In ya yi ta inda-inda, kin gane, shi ma ya gane. In ya bayyana har ke kika fahimta, ki sa masa albarka.

Ku dubi rabon aiki a gida kuma. Sau da yawa ɗa namiji yana ɗaki da littafi, 'yar'uwarsa wadda za su rubuta jarrabawa ɗaya tana ɗiban ruwa, tana surfe, tana goyon ƙani, sai ƙarfe tara na dare ta buɗe littafi tana gyangyaɗi. Kuɗin rajistarsu ɗaya ne. Watanni biyun nan a rage mata, samari su ɗauki jarka su tafi rijiya, ba abin da zai same su. Waya kuma, in lokacin karatu ya yi, a ajiye ta a ɗakin baba. Yaron da yake duba saƙo kowane minti biyar, zamansa na awa uku bai kai awa ɗaya ba.

Majami'unmu da yawa suna da fitilar sola ko janareta, da benci, da allo, amma daga Litinin zuwa Jumma'a suna kulle, yaranmu kuwa suna karatu da hasken waya a ɗaki mai mutum shida. Me zai hana a buɗe daga ƙarfe bakwai zuwa tara na yamma har jarrabawa ta wuce? A sa dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumunta su zauna, a raka 'yan mata gida in an tashi. Awa ta fari kowa ya yi nasa shiru. Awa ta biyu a zauna biyu biyu, wannan ya riƙe littafi ya yi tambaya, wancan ya amsa da ka, sa'an nan su juya. In akwai malamin makaranta ko ɗan bautar ƙasa a cikin jama'a, a roƙe shi dare ɗaya a mako domin Lissafi. Yaran maƙwabta waɗanda ba na ekklesiya ba, in sun zo, a matsa musu a benci.

Magatakardan kowace ekklesiya ya rubuta sunayen masu jarrabawar bana, da darasin da kowannensu yake tsoro, da ranar da zai rubuta shi, ya miƙa wa dattawa kafin taron addu'a na ran Laraba.